Shekarar da Babban Yatsana Ya Daina Ji

Babban yatsana ya dawo, jama'a. Na dama nake nufi, wanda aka ce wataƙila ya tafi ke nan, kuma da shi nake danna muku wannan rubutun shaf-shaf a ɗakin kwanan ɗalibai, ina shan garin kwaki ina jin kaina kamar wata gwamna. Na faɗi ƙarshen tun da wuri ne don ni ba na son labarin da zai riƙe min numfashi, wanda na sha ya ishe ni. Kuma saboda ku na zauna rubutawa, ku yaran gidanmu na Ƙofa, 'ya'yan Yaya Sani da na Anti Hauwa, tunda na ji abin da kuke bazawa a islamiyya, wai biri ne ya cije ni, Anti Zulai, a dajin Falgore, wasunku kuma wai Iya ce ta ƙona ni don na yi mata rashin kunya. Ba haka aka yi ba. Akwai biri a labarin, akwai ƙuna, amma ku nutsu ku ji yadda suka shigo.

Ina ajin ƙarshe na sakandare abin ya faru, lokacin yankan shinkafa. Baba yana da fadama ta wajen Bagauda, ranar kuma Umma ta ɗora min kular abinci in kai wa masu yanka. Ina tafe a kan kunya, laka ta kwashe ni, na kai hannun dama zan dafa dami, ashe wani ya ajiye lauje a kai baki sama. Ya shige ni a cikin hannu, tsakanin gwiwar hannu da inda ake ɗaura agogo. Da farko ba zafi na ji ba, wani abu ne kamar shokin ya tsarga min har yatsu, sai na ga jini. Yaya Sani, babban wanmu, shi ya ɗaure wurin da ɗankwalina ya goya ni a babur ɗinsa na acaɓa zuwa ƙaramin asibiti. Aka wanke, aka ɗinke, jini ya tsaya, kowa ya ce Allah ya taƙaita. Ni ma na ɗauka an wuce wurin, har ina shirin ɗora hoton bandejin a sitatus.

A nan na fara gane da matsala, don wayar ce ta suɓuce. Na ɗauka, ta sake suɓucewa. Ni da duk ajinmu ba mai saurin yatsana a hirar waya, har Injin suke ce min, ga ni ina kallon babban yatsana ina ce masa matsa, ya yi min kunnen uwar shegu. Na cije shi. Wallahi kamar na ciji yatsan wani. Manuniya da na tsakiya ma haka, ta wajen tafi ba sa jin komai, ƙaramin yatsa ne kawai garau. Ban gaya wa kowa ba sai ranar cire zare, ma'aikacin ya ɗan tsikare ni da allura ya ga ko gezau, ya sake tsikara, sai fuskarsa ta canja. Ya ce wa Baba kada mu kwana biyu, Kano za mu.

A babban asibiti aka sake buɗe hannun aka yi aiki. Da na farfaɗo, likitan, wani dattijo mai magana a hankali kamar ba ya son ya tashi kowa, ya ja kujera ya zauna gaban Baba.

"Malam, jijiyar da ta yanke ba ta jini ba ce, mai kai saƙo ce, kamar wayar wuta. A cikinta akwai zarurruka sirara masu ɗimbin yawa, ni rigarta ta waje kawai na ɗinka. Zaren da ke ƙasan yankan zai mutu, amma hanyar da ya bi tana nan kamar bututu. Na saman ne zai toho, ya shiga bututun nan, yana lalube har ya isa yatsu."

"Kamar yaɗon kabewa ke nan," in ji Baba, "in ta kama danga."

"Kamar shi. Sai dai wannan kabewar a wata guda ba ta wuce tsawon gaɓar yatsa."

Na kalli inda ɗinkin yake, na kalli kan yatsana, na ga tafiya kamar daga Ƙofa zuwa Makka a ƙafa. Na ce, "Likita, to ai ko yaushe ne za ta iso ko?"

Bai yi min ƙarya ba, kuma a lokacin na so a ce ya yi. Ya taɓa tudun naman nan da ke gindin babban yatsa.

"Wannan naman shi ke motsa yatsan, kuma jiran saƙo yake. Amma ba ya jira har abada. In aka wuce shekara da wani abu bai ji komai ba, yakan bushe. Ko jijiyar ta iso daga baya, ba za ta tarar da kowa a gida ba."

Tun daga ranar maganar nan ta tare a cikina. Ba za ta tarar da kowa a gida ba. Da ita nake tashi, da ita nake alwala. Yaya Sani da ya rako mu ne ya tambaya ta yaya aka san duk wannan, tunda ba a gani da ido. Likitan ya ce da yawa a jikin dabbobi aka koya, har da birai, don hannunsu ya fi na kowace dabba kama da namu, da babban yatsansu da komai, kuma a jikinsu ma haka jijiyar ke bin hanya tana neman inda ta baro, wani zaren ya dace, wani ya ɓace ya shiga gidan maƙwabci. Ai kuwa Yaya Sani ya samu abin yi. Duk ranar da ya kai fasinja Doguwa ya ratsa Falgore, sai ya ɗauko bidiyon birai a bakin titi ya turo min.

"Ga malamanki nan, na ce kina gaishe su. Babban ya ce ki dage, shi ma haka ya fara."

To kun ji inda birinku ya fito. Bai ciji kowa ba, bawan Allah.

Yanzu ga maganar Iya, kuma a nan nake so ku buɗe kunne. Iya, mahaifiyar Baba, ba a unguwarmu kaɗai aka san hannunta ba. Mai jego, mai targaɗe, yaron da ya faɗo daga bishiyar mangwaro, duk wurinta ake zuwa gashi. Tukunyarta daban, tsummanta daban. Kuma ita ba ta gwada zafin ruwa da komai sai da bakin mai ciwo. Za ta tsoma tsumma ta matse ta danna, in ka ce wash ta ɗaga, in ka yi shiru ta san da saura. Haka ta gada, haka ta yi shekara da shekaru ba ta taɓa ƙona ko jariri ba. Likita ya ce mana a kiyaye hannun daga wuta, mu kuwa duk gidan a kanmu wuta ita ce murhu da dutsen guga. Aka hana ni shiga madafa, aka hana ni guga. Ba wanda ya lissafa ruwan Iya a cikin wuta, ruwan Iya ai magani ne.

Bayan an cire min abin da ya tallafe hannun, wata safiya ta kira ni ɗakinta.

"Zo nan, ƙawata. Hannun nan sanyi ne ya kwanta masa, dubi yadda ya yi fari kamar na gawa. Jijiya ba ta tafiya cikin sanyi, ko ɗan'adam ba ya yi."

Maganar ta shige ni, don ni a lokacin ko cewa aka yi in haɗiyi tsakuwa jijiyar za ta ƙara sauri, haɗiya zan yi. Ta shimfiɗa hannuna a cinyarta tafi sama, ta kautar da ƙaramin yatsa gefe ta ce ba ruwanta da mai lafiya, ta danna tsumma a kan babban yatsa da 'yan uwansa biyu.

"Da zafi?"

"A'a, Iya."

"To da saura."

Ta ƙara itace. Ta sake dannawa tana kallon bakina, ni kuma ina kallon tururi yana tashi ina jin daɗi wai ana aiki. Ita tana jiran wash, ni ba ni da wash ɗin da zan ba ta. Har ta ce kai, yarinyar nan akwai jarumta, gadon kakanki kika yi. Kafin azahar fatar ta yi jawur, kafin la'asar ta ɗuri ruwa, ƙuraje manya-manya kamar an soya awara. Abin da ya fi ba ni tsoro ba ƙunar ba ce. Ina kallon namana ya dahu, kuma ko ƙaiƙayi ba na ji. A ranar na gane hannun nan zai iya ruɓewa a jikina ina zaune ina dariya.

Da muka koma Kano, likita bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana duba wurin, ya ce fatar da ba ta ji ba ta saurin warkewa, in ƙwayar cuta ta shiga za a iya rasa kan yatsan tun kafin jijiyar ta zo. Muka hau mota muka dawo Ƙofa. Da muka shiga gida Baba ya cire takalmi a ƙofar Iya ya durƙusa, ni ina bayansa da hannu a naɗe.

"Iya, alfarma na zo nema. Hannun yarinyar nan a bar wa asibiti. Kada a sake taɓa shi."

Iya ta ɗago ta dube shi.

"Hannun da ya karɓe ka ranar da ka faɗo duniya, yau shi ne abin tsoro. To, na ji."

Washegari ta kife tukunyar gashin a bayan ɗaki. Mata suna zuwa da jarirai tana ce musu ta yi ritaya, su je asibiti. Ta daina fitowa tsakar gida cin abinci, sai dai a kai mata. In na shiga gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, ba ta kallon hannun. Baba ya rame, Umma tana ta kaiwa da komowa tsakanin uwa da ɗa da kwanon fura. Ni kuwa ga jarrabawa ta wuce ni, 'yan ajinmu suna ɗora hotunan gama makaranta, ina cin tuwo da cokali a hagu, in zan miƙa wa babba abu sai na ce a yi haƙuri da hagu. Har na gaji da faɗa na daina miƙa wa kowa komai.

Ƙunar dai ta warke da ƙyar, ta bar tabon da kuke gani. A wani zuwa asibiti likita ya koya min wani abu. Ya riƙa ƙwanƙwasa hannuna da kan yatsansa daga ƙasa yana hawa, har ya zo wani wuri na zabura, shokin ya tafi har babban yatsa.

"Yawwa. Nan kan jijiyar ya iso. Sabon toho ne, shi ya sa yake da tsautsayi. In wurin nan yana matsawa ƙasa, tana tafiya. In ya tsaya, sai mu sake magana."

Ya ɗiga biro a wurin. Kafin in yi alwala uku biron ya goge, na zauna tsakar gida ina kuka kamar an yi min mutuwa, don na kasa tuna daidai inda yake. Sai na ji an buɗe ƙyauren Iya. Ta fito da ɗan kasko da kwaɓaɓɓen lalle da tsinken tsintsiya, ta zauna gabana ba ta kalli Baba ba, alhali yana zaune a kan tabarma yana kallo.

"Ƙwanƙwasa da kanki, ki nuna min."

Na ƙwanƙwasa har na zabura. Ta lakato lalle da tsinke ta ɗiga.

"Shaida dai, ban taɓa ba. Tsinke ne ya taɓa."

Baba ya sunkuyar da kai, ban sani ba dariya yake ɓoyewa ko hawaye. Daga ranar, duk Juma'a bayan an sauko masallaci, ni ƙwanƙwasa, Iya ɗiga. Ɗigon farko ba ta barinsa ya koɗe, sabuntawa take, wai don mu san daga inda matafiyi ya taso. Sannu a hankali ɗigo-ɗigo suka jeru a hannuna kamar sawun tururuwa, suna gangarowa. Ƙawayena suka ɗauka sabon salon ƙunshi ne, wata har ta ce in tura mata hoton.

Sai a daidai wuyan hannu abu ya tsaya. Juma'a ta zo, wuri ɗaya. Ta sake zagayowa, wuri ɗaya. Iya tana ɗiga lalle a kan lalle har wurin ya yi baƙi ƙirin. Ga tudun gindin yatsana yana lotsawa ina gani, na hagu cike, na dama kamar an kwashe da cokali. Kowace safiya sai na jera su ina kwatantawa. Likita ya ce mai yiwuwa tabo ne ya tare hanya, mai yiwuwa kuma tafiyar ce ta yi nauyi a wurin. In muka dawo bai matsa ba, zai sake buɗewa, wataƙila ma ya ciro wata 'yar jijiya daga ƙafata ya yi gada da ita, tafiya ta koma farko. Na ce to naman da ke jira fa? Ya ce, "Shi ya sa ba za mu daɗe muna kallo ba."

Ban taɓa jin tsoro irin na watan nan ba. Na daina buɗe gurup ɗin ajinmu. Bidiyon biran Yaya Sani ma ya daina zuwa, shi da kansa ya gane wasan ya ƙare. In ina salla na ɗaga hannu, sai idona ya faɗa kan baƙin ɗigon nan, in manta raka'ar da nake. Wata rana na ce wa Iya ni na haƙura, a bar lallen nan haka.

"Ke da Allah rufe min baki. Kin taɓa ganin kabewa tana tafiya? Kwana kawai ake a tashi a gan ta a kan rufin ɗaki. Miƙo hannu."

Ana saura Juma'a ɗaya mu koma Kano, na ƙwanƙwasa baƙin ɗigon na ji shokin ɗin ya yi rauni. Na matsa ƙasa kaɗan, cikin tafin hannu, na ƙwanƙwasa, sai da na kusa faɗowa daga kujera. Iya ta ce in sake. Na sake. Ta ɗiga cikin gaggawa, ɗigon ya fito a karkace. Likita da ya gwada da kansa ya ce a ajiye maganar wuƙa tukuna, amma kada in yi murna da yawa, isowa daban, a tarar da mutanen gida daban.

Sai da aka ƙara watanni. Wata rana ina zaune na ga tudun nan ya ɗan motsa, ƙyaf, kamar fatar ido in tana rawa. Na ce wa yatsan matsa, ya matsa kamar faɗin ƙwayar gero. Na nuna wa duk gidan, har akuya na nuna wa. Amma ji dai shiru, allura har yanzu kamar a jikin katako.

Ranar da nake so ku riƙe ita ce wata safiya, damina ta sake zagayowa. Iya ta dama koko ta zubo a kofin silba ta miƙo min, hankalina yana kan kaji da suka shiga shanya. Ban san da dama na karɓa ba. Kofin ya faɗi, koko ya watse a zanina.

"Wash, Iya, zafi."

Umma ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Me kika ce?"

"Na ce zafi."

"A ina?"

Na ɗaga babban yatsa. Yana zugi, zugi mai daɗin da ban taɓa jin irinsa ba. Iya ta zauna daɓas a kan turmi, ta ja bakin mayafi ta rufe fuska.

"Maganar da na jira a bakinki ranar nan ke nan. Sai yau ta iso."

Baba ya fito daga ɗaki ya tsaya. Shi ya kama hannun nawa da kansa, ya ɗora a tafin mahaifiyarsa. Ta riƙe shi tana juyawa kamar jaririn da aka miƙo mata yanzu.

Ba wai daga nan komai ya koma daidai ba ne. Wasu zarurrukan sun shiga gidan maƙwabta kamar yadda likita ya faɗa. A taɓa min manuniya in rantse na tsakiya aka taɓa. Aka ce sai ƙwaƙwalwa ta sake koyon wane ne wane, don haka Iya ta haɗa min gero da wake da masara da tsakuwa a ƙwarya, in rufe ido in laluba in faɗi suna, in na ce wake alhali tsakuwa ce ta ce Allah ya kiyaye mijina daga abincina. Har yau kan manuniyata kamar da safar hannu a kai, maɓallin riga yana ba ni aiki, kuma tudun bai cika kamar na hagu ba. Amma da hannun nan na rubuta jarrabawa a shekara ta gaba, da shi na ci, da shi nake cin tuwo. Iya ta tayar da tukunyarta, sai dai yanzu da gwiwar hannunta take gwada ruwa, kuma kafin ta taɓa kowa sai ta mintsine shi ta ji ko zai ce wash.

To kun ji. Ku daina ɗora wa biri, ku daina ɗora wa Iya. Abin da nake roƙo ɗaya ne: duk wanda ya yanke ya ji wani yatsa ya daina ji, kada ya tsaya jiran ɗinki ya warke, ya nufi asibiti da wuri, kuma hannu ko ƙafar da ba ta ji kada a kai mata ruwan zafi, ko na wane ne. Ku karanta wa iyayenku mata, ku tura gurup ɗin unguwa, ku tura wa na Kiru da na Tudun Wada. Don Allah kada ya tsaya a wayarku.